Ranar da Balan-balan Ya Sauka a Gidan Haridi

A ƙauyenmu, tsallaken kogi daga Luksor, babu mai ɗaga kai ya kalli balan-balan. Kullum bayan sallar asuba suke tashi daga filin da ke bayan gonakin rake, kowanne da kwandonsa maƙil da baƙi 'yan yawon buɗe ido, su bi ta kan rufinmu suna ɗaukar hoton shanyarmu. Kajinmu ma sun daina gudu. Mutum ɗaya ne bai gaji da ɗaga kai ba, shi ne maƙwabcina Haridi, wanda muke kira Abu Sabri.

Ni Bastawi, sana'ata zanen bango. In mutum ya dawo daga Hajji, ni nake zana masa Ka'aba da jirgin da ya kai shi a jikin gidansa. Katanga ɗaya ce ta raba ni da Haridi, kuma katangar ba ta da kauri, saboda haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Haridi ya yi shekara goma sha ɗaya a Kuwait. Ya dawo da tumbi, da agogon da ba ya tafiya, da labarin cewa shi ne mai saukar da jirage a filin jirgin can. Da farko jirgi goma yake saukarwa a rana. Da shekaru suka ja, suka zama hamsin. Bara har wani sarki ya fito daga jirgi ya sumbaci goshinsa.

Ran wata Lahadi bayan la'asar muna shagon shayi ana buga domino, sai Haridi ya kurɓi shayi ya girgiza kai.

Ya ce, "Yaran nan masu balan-balan ba su iya komai ba. Yau na ga wani yana ta lilo, ya rasa mai ba shi hannu daga ƙasa. Da ni ne, da yatsa biyu zan ajiye shi a kan tiren nan."

Gad, wanda gidansa ke manne da na Haridi ta gabas, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna ko a kan ranar da ake ciki ba, ya ce, "Abu Sabri, abin nan ba shi da sitiyari. Inda iska ta ga dama nan yake zuwa."

"Iska! To jiragen da na riƙa saukarwa a cikin ruwa suke tafiya?"

"Shi ke nan, saukar mana da ɗaya mu gani."

"A ina kake so?"

"A tsakar gidanka mana. Ko ka bar yatsun a Kuwait?"

Aka kwashe da dariya. Haridi ya miƙe, ya daki tebur har domino suka watse.

"Matata ta saku in ban saukar da balan-balan a tsakar gidana ba kafin liman ya hau mumbari ranar Juma'a!"

Mazanmu suna rantsuwa da saki a kan wa zai biya kuɗin shayi, ba wanda ke damuwa. Amma Haridi ya riga ya zubar da biyu, ɗaya a kan tseren jakuna, ɗaya a kan ƙwallon ƙafa, kuma duka biyun ya tsaya kai da fata cewa da gaske yake. Ɗaya ya rage masa, kuma kowa a shagon ya san lissafin.

Shaihu Nubi, limaminmu, yana gefe. Ya ce a hankali, "Abu Sabri, ka ce ɓacin rai ne, ba niyya ba. Ka ciyar da miskinai goma, magana ta mutu."

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Haridi ya dubi ƙofar, ya dubi Gad da ke murmushi, ya ce, "Da niyya na yi, ya Shaihu. Ni ba na maganar yara."

Labari ya riga shi isa gida. Matarsa Nabawiyya, Ummu Sabri, shekara talatin da ɗaya tana tare da shi, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ran nan ma ba ta ɗaga ba, sai da na manna kunne da katanga.

Ta ce, "Na ji an ɗora ni a kan tebur tare da domino."

"Ke dai ki tanadi shayin baƙi. Turawa goma sha shida za su sauka a nan."

"Zan tanadi kayana dai. Na aika wa yayana Hamdun a Armant ya zo da motarsa ranar Juma'a. Kuma kada ka je ka nemo mini fatawa. Da bakinka ka faɗa, da kunnena na ji."

Litinin da asuba ya ari bokitin farar ƙasata, ba tare da ya tambaye ni ba, ya zana ƙatuwar da'ira a tsakar gidansa, tun daga turken jamusa, ɓaunarsu ta tatsa, har bakin tanda. Sannan ya hau rufi da murfin tukunya biyu. Da balan-balan suka fara wucewa, ya shiga ɗaga murafen yana saukewa, yana karkata hagu da dama yana tsugunnawa. Baƙin suka ji daɗi ƙwarai. Suka ɗaga masa hannu, suka ɗauki hoto, wata tsohuwa ma ta jefo masa alewa.

Gad ya leƙo daga nasa rufin ya ce, "Masha Allah, an fara biyan ka!"

Haridi ya ce, "Alama ce tsakanin ƙwararru, jahili." Yana faɗa yana ja da baya don ya bi wani jan balan-balan da ya yi ƙasa-ƙasa, sai ya taka ƙullin gurasar da Ummu Sabri ta jera a rufin don ya kumbura a rana. Guda tara ya bi ta kansu. Ta gasa su da sawun ƙafarsa a jiki, ta ajiye masa su abincin rana, sannan ta fito da akwatin tufafinta ta dire a bakin ƙofa.

Talata ya yanka tattabaru huɗu, ya sa aka cusa musu alkama aka soya, ya kai wa wani matuƙi mai suna Kaftin Azab a filin tashi. Na bi shi, domin ba zan bari a ba ni labari ba. Azab ya cinye tas, ya suɗe yatsa, sannan ya ce, "Baba, wallahi ni kaina ban san inda zan sauka ba sai na ga na sauka. Sama da ƙasa ne a hannuna, sauran na Allah ne."

A hanyar dawowa Haridi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ji ko? Ba zai iya faɗa a gaban yaransa ba. Amma mun fahimci juna."

Na ce, "Ni tattabaru kawai na ga sun fahimci cikinsa."

Da muka iso, keken ɗinkin Ummu Sabri na zaune kusa da akwatin.

Laraba ya tuna cewa a Kuwait ana kunna fitilu jere biyu don jirgi ya ga hanya. Ba shi da fitilu, amma yana da busasshen ganyen rake. Ya jera shi layi biyu daga ƙofar gida zuwa da'irar, ya ƙyasta ashana. Duk wani balan-balan da ya hango hayaƙin sai ya ƙara wuta ya yi sama, har suka koma kamar lemo a ido. Iska kuwa ta kwashi hayaƙin ta cusa shi gidan Gad, tattabarunsa suka watse, surukarsa ta fito tana tari tana tsinuwa har kakanni bakwai. Haridi ya shiga kashe wutar da rawaninsa, rawanin ya kama. Matan unguwa suka zo da bokitai. Zan iya shaida cewa rabin ruwan ba a kan wutar aka zuba shi ba.

Gad ya dubi Haridi, wanda wuta ba ta bar masa gira ko ɗaya ba, ya ce, "Haka ake saukar da su a can? Shi ya sa sarkin ya sumbace ka, ya ga ka sha wuya."

"Jira Juma'a."

"Ina jira. Hamdun ma yana jira."

Alhamis ya ce tunda ba sa zuwa da lalama, zai jawo ɗaya da ƙarfi. Ya ɗaura ƙugiyar ciro guga daga rijiya a bakin doguwar igiya, ya naɗa ɗaya bakin a ƙugunsa, ya hau jaki ya bi su cikin gonaki. A bakin rafin ban-ruwa ya tarar da wani ya yi ƙasa sosai. Ya wulwula ƙugiyar ya wurga da duk ƙarfinsa. Ta wuce kwandon da nisan da raƙumi zai bi ta tsakani, ta je ta maƙale a jikin taragon ƙaramin jirgin ƙasan da ke kai rake masana'antar sukari. Jirgin bai san yana da fasinja ba. Ya fizge Haridi daga kan jakin, ya ja shi cikin ganyen rake, ya tsoma shi a rafin, sai da wani manomi ya sare igiyar da lauje. Jakin ya dawo gida shi kaɗai, kuma a ganina shi ne mai hankalin tafiyar.

Da yamma na leƙa ta kan katanga. Haridi na zaune a kan bencin ƙofar ɗaki, gwiwa a ɗaure da tsumma, yana kallon kayan da suka taru: akwati, keke, babbar tukunyar tagulla da ta zo da ita ranar aure. Ban taɓa ganin bakinsa a rufe na tsawon haka ba, kuma gaskiya ya ba ni tausayi.

Ya ce, "Bastawi, ka san ko shayi ban iya dafawa ba?"

"Shayi ne damuwarka?"

Ya ce, "Ba shayi ba ne."

"To je ka shago ka ce ka yi ƙarya. Ka roƙe ta a gaban mutane kamar yadda ka jefar da ita a gaban mutane."

"A gaban Gad?"

Na sauko daga katangar. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Rana ba ta ƙarya. Juma'a tun gari bai gama wayewa ba duk ƙauyen ya hau rufi, har da waɗanda ba sa tashi sallar asuba. Motar Hamdun na ƙofar gida, an riga an ɗora keken ɗinki. Ummu Sabri kuwa tana bakin tanda tana hura wuta, ta ce ba za a ce ta bar gida babu gurasa ba. Haridi na tsaye a tsakiyar da'irarsa, murafen tukunya a hannu, amma ko ɗaga su bai yi ba. Balan-balan suka tashi, iska ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta yi kudu da su, can nesa da mu. Mutane suka fara sauka daga rufi. Gad ma, abin mamaki, bai ce uffan ba.

Sai wata mata ta yi ihu tana nuna yamma. Wani balan-balan mai ruwan ɗorawa, wanda ya makara wajen tashi, iska ta juya da shi ya nufo gidaje. Ya yi ƙasa har kwandonsa na shafar kan dabinai. Kaftin Azab ne. Daga baya muka ji cewa gas ɗinsa ya kusa ƙarewa, motar yaransa masu tarbarsa kuma jirgin rake ya tare mata hanya. Ya duba ƙasa bai ga fili ba sai tsakar gida ɗaya mai farar da'ira. Ya jefo igiya.

"Ku kama! Jama'a ku kama igiya!"

Haridi ya farfaɗo kamar an zuba wa shuka ruwa. "Ku matsa! Ban ce muku mun fahimci juna ba?" Ya shiga kaɗa murafen yana tsugunnawa yana miƙewa.

Azab ya ƙwala masa tsawa, "Baba, bar rawar nan ka kama igiya!"

Ya yar da murafen, ya cafke igiyar, ya naɗa ta a hannu. Daidai nan kwandon ya nufi kan tanda, Azab ya danna wuta don ya tsallake. Wutar ta yi ruri, balan-balan ya ɗaga, Haridi ya bi shi. Ya kai tsayin mutum biyu, ƙafafu na harbin iska, jallabiya ta kife masa a ka, duk ƙauye ya ga wandon da ba a yi don kallo ba. Mai saukar da jirgi hamsin a rana ya buɗe baki ya kira sunan da bai yi shawara da kowa ba.

"Ummu Sabri! Wayyo Ummu Sabri!"

Ya saki. Allah ya rufa asiri ya faɗa a kan tarin kashin jamusa da ake tarawa don hura tanda, sabo, mai laushi, da ka ya shiga.

Igiyar ta ci gaba da jan ƙasa, balan-balan yana tafiya a hankali ya nufi katangar gabas. Gad ya ga haka, bakinsa ya dawo. Ya ware hannuwa daga kan rufinsa.

"Maraba da baƙi! Gidana a buɗe yake! Kaftin, ƙaraso!"

Mu maza duk muna kan rufi, kafin mu sauko an gama. Mutum ɗaya ce a tsaye a tsakar gidan. Igiyar ta zo wucewa ta gaban ƙafarta. Ummu Sabri ta kalle ta, ta goge hannu a gyalenta, ta sunkuya ta ɗauka, ta zagaya da ita sau biyu a gindin dabinon da ke gefen tanda, irin zagayen da take yi wa jamusa in ta yi gardama. Balan-balan ya tsaya cak, kwandon na lilo a saman katanga, rabi a gidan Haridi, rabi a gidan Gad. Amma ba ta ƙulle ba. Ta riƙe bakin igiyar a hannu.

Haridi ya zaro kansa, yana share ido. "Ƙulle! Ƙulle mana, mata!"

Ta ce, "Abu Sabri, wane aiki ka yi a Kuwait?"

"Yanzu ne lokacin wannan?"

Ta sassauta yatsu. Igiyar ta zame kamu ɗaya, kwandon ya matsa gabas.

"Saukar da jira..."

Ta sake sassautawa.

"Amalanke! Amalanken akwatuna nake turawa!"

"Ban ji ba. Ina jin Gad ma bai ji ba."

"Akwatunan mutane nake turawa! Shekara goma sha ɗaya!"

"Jiragen fa?"

"Ta taga nake hango su."

"Sarkin da ya sumbace ka?"

"Direbansa ne. Kuma ba sumba ba ce, ture ni ya yi."

Rufin gidaje suka ɗauki dariya har wani ya kusa faɗowa. Azab ya leƙo daga kwando, gumi na zuba, ya ce, "Hajiya, don girman Allah, ku ƙarasa shari'ar nan bayan mun sauka!" Baƙin kuwa sai ɗaukar hoto suke, sun zaci yana cikin abin da suka biya.

Ba ta ko dube su ba. Ta ce, "Saura ɗaya. In na saki abin nan, wa ya yi asara?"

Dariyar ta ɗauke. Haridi na durƙushe, kashi har kunne. Ya dubi motar Hamdun ta ƙofar da ke buɗe, ya dubi matarsa. Muryarsa ta yi ƙasa, amma kowa ya ji.

"Ni ne, Nabawiyya. Wallahi ni kaɗai ne."

Hawaye suka yi masa hanya biyu a fuska. Ni kaina sai da na share ido, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ta ce, "Amalanken nan na san da shi tun hutunka na farko. Ni na wanke rigar aikin, da hotonsa a baya. Ban taɓa jin kunyarsa ba, shi ya gina ɗakunan nan. Kai ne kake jin kunya."

Ta ja igiyar ta ƙulle tam, ta kira matan maƙwabta. Kafin mu maza mu gama neman takalmanmu, sun jawo kwandon sun dire shi a tsakar gida. Azab ya saki iskar, ƙyallen ya kwanto ya lulluɓe katanga da ɗakin tattabarun Gad da Gad ɗin kansa. Liman bai ko yi wankan Juma'a ba tukuna.

Baƙo baƙo ne ko ta sama ya faɗo. Aka shimfiɗa tabarmi, Turawa goma sha shida suka ci gurasa da zafinta da cuku da zumar rake, suka sha shayi. Hamdun ya sauke keken ɗinki da kansa, ya ci nasa, ya ce wa ƙanwarsa shi dai man motarsa bai yi asara ba, ya ga abin da zai ba jikoki labari. Haridi ya fito daga wanka da sabuwar jallabiya, ya zagaya kwandon sau ɗaya, ya gyara murya.

"Kun dai lura a kan da'irar ya sauka ko? Daidai tsakiya. Na rantse da..."

Ummu Sabri ta cusa masa rabin gurasa a baki, ta wuce da tiren shayi.

Bayan sati ta kira ni ta ce in zo da fenti. Na ce mata bango na alhazai ne. Ta ce ai ba Ka'aba ta ce in zana ba, kuma gefen da jamusa ke kwana take nufi. Na zana balan-balan mai ruwan ɗorawa, da dabino, da mace riƙe da igiya, da ƙafafu biyu a sama suna leƙowa daga wani tudu. Haridi ya roƙe ni in ƙara fuskarsa a wani wuri. Ta ce ƙafafun sun isa, kowa ya gane su.

Tun daga ranar bai sake rantsuwa da saki ba. Cika bakin dai yana nan, mai hali ba ya fasa halinsa, sai dai yanzu da gashin bakinsa yake rantsuwa. Ummu Sabri ta ce wannan ba ruwanta, nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da shi. Sau uku ke nan Gad yana riƙe masa madubi ana askewa.